Tsakanin barci da farkawa: tarihin sa majiyyaci magagi a sashen gaggawa da sunayen da aka ba shi

0. Gabatarwa

A sashen gaggawa na asibiti akwai wasu ayyuka gajeru masu tsananin zafi: mayar da kafaɗar da ta goce, ɗora ƙashin da ya karye, tsaga maruru a fitar da mugunya, wanke ƙuna, ɗinke raunin yaron da ya ƙi tsayawa. Irin waɗannan ayyuka ba su kai a shigar da mutum ɗakin fiɗa ba, amma sun fi ƙarfin dauriya. Dabarar da likitanci ya samo musu ita ce a ba majiyyaci maganin da zai rage masa sanin abin da ke gudana na ƴan mintoci, yana numfashi da kansa, a yi aikin, sa'an nan ya dawo cikin hayyacinsa. Da Faransanci ana kiran wannan « sédation procédurale ». A cikin wannan maƙala za mu kira shi « sa magagi », za mu kuma faɗi dalilinmu a sashe na 6.

Manufarmu ita ce mu bi tarihin wannan dabara ta fuskar mutane biyu da ke cikin ɗakin, wato wanda ake yi wa aiki da wanda ke yin sa. Abin da muke son nunawa guda ne. Tun daga farkon ƙarni na 20 an sha ɗaukar mantuwar majiyyaci a matsayin shaidar cewa bai sha wuya ba, alhali ma'aikatan da suka danne shi sun gani sun kuma ji, kuma sunayen da aka riƙa laƙaba wa dabarar sun taimaka wajen rufe wannan giɓi. Yawancin abubuwan sun faru a Turai da Amurka, can za mu bar su. Sai a ƙarshe za mu duba inda suka taɓo asibitocinmu da harshenmu.

1. Zamanin da majiyyaci ke tuna komai (1811-1848)

Kafin a sami maganin gusar da hankali, majiyyaci da likita shaida ɗaya suke bayarwa, don duk idonsu biyu. Ranar 30 ga Satumba 1811, a birnin Paris, aka cire wa marubuciyar nan ta Ingila, Fanny Burney, nono guda saboda ana tsoron ciwon daji ne. Abin da aka ba ta kawai shi ne ɗan abin sha mai ruwan inabi. Wanda ya jagoranci aikin shi ne Dominique Larrey, likitan rundunar Napoleon, mutumin da ya ƙirƙiro kekunan dawaki masu kwaso raunanannu daga fagen fama, ya kuma kafa al'adar fara duba wanda rauninsa ya fi tsanani ba tare da la'akari da muƙaminsa ba. Shi ya sa ake lissafa shi cikin kakannin likitancin gaggawa. A wata doguwar wasiƙa da Burney ta aika wa ƴar'uwarta a 1812, ta bayyana aikin daki-daki, har jin wuƙa tana kankarar ƙashin ƙirjinta. Abin lura a nan shi ne ta kuma bayyana halin likitan: da aka gama, ta ga fuskar Larrey ta kwaile da firgita, jini ya fallatsa a kanta, har ta ji tausayinsa.

Ba Larrey kaɗai ne irin wannan aiki ke girgizawa ba. Charles Darwin, lokacin da yake karatun likita a Edimburg tsakanin 1825 da 1827, ya halarci fiɗa sau biyu, ɗaya ta yaro ce, ya fice kafin a gama, bai kuma sake komawa ba.

Ranar 16 ga Oktoba 1846, a babban asibitin Massachusetts da ke Boston, William Morton ya shaƙa wa wani saurayi, Gilbert Abbott, iskar etar, John Collins Warren kuma ya cire masa ƙari a wuya. Abbott ya yi motsi, ya yi ƴan maganganu ana cikin aikin. Da ya farfaɗo ya ce ya ji kamar ana kankarar wuyansa, amma ba zafi. Ke nan tun ranar farko an ga cewa tsakanin farkawa da gushewar hankali akwai matakai. A Nuwamba 1847 James Simpson ya shigo da kulorofom a Edimburg. Ba a yi wata 3 ba, ranar 28 ga Janairu 1848, wata yarinya ƴar shekara 15, Hannah Greener, ta rasu kusa da Newcastle bayan an shaƙa mata kulorofom don a cire mata farcen ƙafa. Darasin da likitoci suka ɗauka daga irin wannan mutuwa ya daɗe yana aiki: ƙaramin aiki bai cancanci babban haɗari ba, gara a danne mutum a yi sauri.

2. Freiburg: mantuwa a matsayin magani (1906-1958)

Ruɗanin da muke magana a kansa ya fara fitowa fili a ɗakin haihuwa, daga can ya bazu zuwa sauran sassan asibiti. A asibitin mata na Freiburg, a Jamus, Bernhard Krönig da Carl Gauss suka tsara wata hanya ta haɗa morfin kaɗan da sikofolamin, Gauss kuma ya wallafa sakamakon haihuwa 500 a 1906. Sikofolamin sinadari ne da ke hana ƙwaƙwalwa adana abin da ke faruwa. Yana cikin tsire-tsire dangin zaƙami, wanda Hausawa suka san aikinsa har suka ce da shi haukata-yaro. Sunan da aka ba hanyar da Jamusanci shi ne « Dämmerschlaf », wato barcin almuru.

Yadda ake auna maganin shi ne ya fi komai bayyana manufarsa. Ana nuna wa mai naƙuda wani abu, bayan ɗan lokaci a tambaye ta ko ta taɓa ganin sa. In ta tuna, a ƙara allura. In ba ta tuna ba, magani ya kama. Zafi bai shiga cikin ma'aunin ba. Matan suna kururuwa, suna birgima, shi ya sa ake kwantar da su a gado mai shinge cikin ɗaki mai duhu, a toshe musu kunne, wani lokaci a ɗaure musu hannu. Da gari ya waye sai su farka da jariri a gefe, su ce ba su ji komai ba.

A Yuni 1914 mujallar McClure's ta Amurka ta buga labarin Freiburg, mata suka kafa ƙungiya suna neman a ba su wannan hanya a matsayin haƙƙinsu. Ƙungiyar ta yi sanyi bayan rasuwar ɗaya daga cikin jagororinta, Uwargida Carmody, wurin haihuwa a Agusta 1915, ko da yake likitanta da mijinta sun ce ba maganin ne sanadi ba. Amma sikofolamin ya zauna a asibitocin Amurka har shekarun 1960, galibi ba tare da kulawar da ake yi a Freiburg ba. Wadda ta fasa ƙwan ita ce wata ma'aikaciyar jinya: wasiƙar da ta aika wa mujallar Ladies' Home Journal ce ta jawo rahoton 1958 a kan muguntar da ake yi a ɗakunan haihuwa. Daga nan tsarin ya fito sarai. Majiyyaciya tana yabon maganin don ba ta da abin tunawa, ma'aikaciya kuma ita ce ke ɗauke da labarin.

3. Yara da sashen gaggawa (1950-1998)

A ƙarshen 1950 Paul Charpentier ya haɗa kulorfuromazin a kamfanin Rhône-Poulenc, Henri Laborit da Pierre Huguenard kuma suka gauraya shi da fetidin da furometazin a Paris, suka kira haɗin « cocktail lytique ». Wannan haɗi ya ƙetara teku ya zama abin da ake yi wa yara allurarsa kafin ɗinki a sassan gaggawa na Amurka, shekaru da dama. Aibinsa sananne ne ga ma'aikata: yana jinkirin kamawa, sau da yawa yaro yana ihu lokacin ɗinkin, sa'an nan ya yi barci mai nauyi na sa'o'i bayan an gama, wani lokaci har numfashinsa ya raunana. Sai a 1995 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ja kunne a kansa. Inda ba a yi wannan allura ba, ana ɗaure yaro a kan allo mai majanyu, ko mutum 3 ko 4 su danne shi. Ma'aikatan ƙasashen Ingilishi har sun ƙirƙiro wa wannan danniya sunan ba'a mai kama da sunan maganin kashe zafi, alamar sun san abin da suke yi, kuma ba ya yi musu daɗi.

Abin da ya halatta wannan shi ne imanin cewa jijiyoyin jariri ba su nuna ba, kuma ko ya ji, ba zai tuna ba. A 1985, a wani asibitin yara na Washington, aka yi wa wani bakwaini, Jeffrey Lawson, fiɗa a ƙirji da maganin sanƙarar da tsoka kaɗai, ba na kashe zafi. Ya rasu bayan mako 5, mahaifiyarsa kuma ta fitar da maganar ga jama'a a 1986. A 1987 K. J. S. Anand da abokan aikinsa suka nuna a Oxford cewa bakwainin da aka ba fentanil lokacin fiɗa sun fi samun sauƙi bayan aiki fiye da waɗanda ba a ba su ba. A 1997 Anna Taddio ta nuna a Toronto cewa jariran da aka yi wa kaciya ba tare da kashe zafi ba sun fi kuka lokacin rigakafi, bayan wata 4 zuwa 6. A 1998 Steven Weisman da abokan aikinsa suka gano cewa ƙananan yaran da ba a kashe musu zafi da kyau a karon farko ba, sun fi jin zafi a karo na gaba ko da an ba su magani isasshe. Ma'anar waɗannan bincike ita ce jiki yana riƙe abin da baki ba ya iya faɗa.

Manya ma ba su tsira ba. A 1989 Wilson da Pendleton suka duba takardun majiyyata 198 da suka zo sashen gaggawa na wani asibitin Amurka da ciwo mai zafi, suka tarar kashi 56 cikin 100 ba a ba su wani maganin zafi ba a sashen. Suka raɗa wa wannan hali suna, wanda Faransanci ya ara a matsayin « oligoanalgésie », ƙarancin kashe zafi. Ta ɓangaren ma'aikata kuwa, Bénédicte Lombart, ma'aikaciyar jinya a Faransa da ta yi digirin falsafa a kan danne yara, ta kira halin da mai danniya ke shiga « cécité empathique transitoire », wato makancewar tausayi ta ɗan lokaci: don ya iya ƙarasa aikin, sai ma'aikaci ya daina ganin yaron, ya riƙa ganin hannu ko ƙafar da ake yi wa aiki kawai.

4. Magunguna uku da na'ura ɗaya (1962-1990)

Abin da ya canza lamarin shi ne samuwar magunguna masu saurin kamawa da saurin saki. Na farko shi ne ketamin, wanda Calvin Stevens ya haɗa wa kamfanin Parke-Davis a 1962. Ranar 3 ga Agusta 1964 Edward Domino da Guenter Corssen suka fara gwada shi a kan fursunonin kurkukun Jackson, a jihar Michigan, irin gwajin da ƙa'idojin bincike na yau suka ƙuntata ƙwarai. Fursunonin sun kwanta idonsu a buɗe, suna numfashi, jininsu bai sauka ba, ba sa kuma jin zafi. Da suka dawo suka ce sun ji kamar suna shawagi a sarari, ba hannu ba ƙafa. Nan aka sami matsalar suna. Kamfanin yana tsoron duk kalmar da za ta tuna wa hukuma taɓin hankali. Domino ya ba da labari cewa matarsa ce ta ba shi kalmar da aka ɗauka, wadda ta zama « anesthésie dissociative » da Faransanci, wato raba hankali da jiki. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ketamin a 1970.

Na biyu shi ne midazolam, na kamfanin Hoffmann-La Roche, wanda ya shiga kasuwar Amurka a 1986. Yana kwantar da hankali, yana hana tunawa, amma ba ya kashe zafi ko kaɗan. Wato magajin sikofolamin ne, sai dai ya fi shi ladabi. A shekarunsa na farko an kai rahoton mutuwa fiye da 80 a Amurka, galibi inda aka haɗa shi da dangin morfin, har aka rage adadin da ake bayarwa. A 1990 Peter Bailey ya gwada haɗin midazolam da fentanil a kan lafiyayyun mutane 12: oksijin ya ragu a jinin 11, numfashin 6 kuma ya tsaya na ɗan lokaci.

Na uku shi ne propofol, wanda John Glen ya gano a kamfanin ICI na Ingila, aka fitar da shi da sunan Diprivan a 1986. Cikin ƙasa da minti ɗaya yake kamawa, cikin ƴan mintoci ya saki, amma shi ma ba ya kashe zafi, kuma yana iya tsayar da numfashi ya saukar da jini. Na'urar da ta sa aka iya amfani da irin waɗannan magunguna a wajen ɗakin fiɗa ita ce ƴar maƙalar yatsa mai auna oksijin a jini, wadda injiniyan Japan Takuo Aoyagi ya gano asalinta a farkon shekarun 1970, ta kuma bazu a shekarun 1980. Daga baya aka ƙara na'urar auna iskar da ake fitarwa, wadda ke nuna tsayawar numfashi tun kafin oksijin ya ragu.

5. Rigimar suna da abin da majiyyata suka ce (1985-2017)

A 1985, bayan mutuwar yara a kujerun likitocin haƙori, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fitar da ƙa'idoji da suka yi amfani da kalmar da Faransanci ya fassara « sédation consciente », wato kwantarwa cikin hayyaci. Sunan yana yi wa kowa alkawari. Yana gaya wa iyaye cewa ɗansu yana sane, yana kuma gaya wa ma'aikaci cewa ba sai ya tanadi kayan ceto ba. A aikace kuwa, yaro ɗan shekara 2 ba ya tsayawa a ɗinke shi yana cikin hayyacinsa, don haka ana zurfafa maganin ana ci gaba da kiran sa da tsohon suna. A 2000 Charles Coté da abokan aikinsa suka tattara haɗurra 95 da suka sami yara a irin wannan yanayi: 51 sun mutu, 9 sun sami lahanin ƙwaƙwalwa na dindindin, kuma abin da ya fi yawa shi ne rashin sa ido da rashin iya ceto.

Gyaran ya zo ta hanyar sauya kalmomi. A 1998 ƙungiyar likitocin gaggawa ta Amurka ta ɗauki suna mai haɗa abubuwa biyu a fili, sa magagi da kashe zafi, wanda Faransanci ya mayar « sédation-analgésie procédurale ». A 1999 ƙungiyar likitocin sa barci ta bayyana cewa abin tsani ne mai hawa 4, daga kwantar da hankali zuwa cikakken gushewarsa, kuma majiyyaci yana iya zamewa daga hawa zuwa hawa, saboda haka dole mai bayar da maganin ya iya ceto daga hawan da ke ƙasa da wanda ya nufa. A 2002 Steven Green da Baruch Krauss suka yi kira da a binne tsohon sunan. Bayan rigimar suna akwai ta iko, don a 2004 ƙungiyoyin masu sa barci na Amurka sun ce su kaɗai ya kamata su riƙa ba da propofol, likitocin gaggawa kuma suka amsa da alƙaluma. Wani nazari na 2016 da Fernanda Bellolio ta jagoranta ya tattara ayyuka 9.652 a kan manya, inda raguwar oksijin ta faru kusan sau 40 cikin 1.000, amma sau 2 kawai aka kai ga zura bututun numfashi. Wani na 2017, na Maala Bhatt, a kan yara 6.295 a asibitoci 6 na Kanada, ya sami matsala mai tsanani a kashi 1,1 cikin 100, mafi ƙarancinta a wurin waɗanda aka ba ketamin shi kaɗai. A Faransa, ƙungiyoyin SFAR da SFMU sun fitar da shawarwarinsu na haɗin gwiwa a 2010.

Waɗannan alƙaluma sun amsa tambayar haɗari. Tambayar abin da majiyyaci ya ji ta fi wuya, don maganin da kansa yana share shaidar. Duk da haka akwai abubuwa uku da aka tabbatar, kuma dukkansu sun shafi magana. Na farko, a babban binciken da aka yi a Birtaniya da Ayaland a 2014 a kan mutanen da suka ce sun farka ana cikin yi musu aiki, kusan kashi 20 cikin 100 na ƙorafe-ƙorafen sun fito daga waɗanda magagi kawai aka nufi sa su. Sun ɗauka za su yi barci, da suka ji muryoyi ko taɓawa sai suka zaci magani ya gaza, wasunsu kuma abin ya bar musu firgita mai daɗewa. Na biyu, kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na manyan da aka ba ketamin suna dawowa da ruɗewa ko mugun mafarki, amma tun 1981 wani bincike na Garry Sklar da abokan aikinsa ya nuna cewa yi wa majiyyaci bayani da shirya tunaninsa kafin allura yana rage wannan, wani kuma a Koriya ta Kudu ya ƙarfafa shi a 2011. Na uku, Elvira Lang ta nuna a 2005 cewa gargaɗi da kalmomi masu tsoratarwa kafin a taɓa majiyyaci yana ƙara masa zafi da fargaba.

6. Inda tarihin ya taɓo mu

Ketamin ne mahaɗin wannan tarihi da asibitocinmu. Yana da araha, ba ya buƙatar firji, ana iya yin allurarsa a tsoka, kuma galibi ba ya tsayar da numfashi, don haka ya dace da wurin da lantarki da oksijin ba su da tabbas. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin magungunan dole a 1985, kuma a asibitocin gundumomi da dama na Afirka shi ne ginshiƙin fiɗa, a hannun ma'aikatan da ake kira « techniciens supérieurs ». A asibitin Nyakibale na karkarar Yuganda, wani rahoto na 2012 ya nuna ma'aikatan jinya da aka horar sun ba da shi sau 191 a sashen gaggawa ba tare da asarar rai ba ta dalilinsa. Lokacin da Sin ta nemi a sa shi ƙarƙashin takunkumin ƙasa da ƙasa saboda masu shaye-shaye, Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyoyin masu sa barci suka yi adawa, kuma a taron Viyana na Maris 2015 aka jingine maganar.

Amma ma'aikacin da ke riƙe da sirinjin a Maradi ko Zinder da Faransanci ya koyi aikinsa, da Hausa kuma zai yi wa majiyyaci bayani, fassarar a tsaye yake yin ta. Abin da ya fi saurin zuwa baki shi ne « allurar barci ». Idan muka jera kalmomin wannan fanni, gyangyaɗi, magagi, maye, barci da suma, muka auna su da siffofi uku, wato amsa kira, buɗe ido da tunawa, za mu ga kowace tana yin alkawarinta. Barci yana nufin rufe ido da rashin jin komai, shi ne kuma alkawarin da ya jawo ƙorafe-ƙorafen 2014. Ban da haka Hausawa sun ce barci ƙanen mutuwa ne, uban da ya ga ɗansa kwance ido a buɗe, ba ya amsa kira, bayan an ce masa barci zai yi, dole hankalinsa ya tashi. Suma tana ɗauke da ma'anar haɗari. Maye yana da nauyin zargi na giya da ƙwaya, wanda dattijo ba zai so a jingina masa ba. Gyangyaɗi ya dace da hawan farko na tsanin kaɗai. Magagi kuwa shi ne halin wanda idonsa ke buɗe, yana iya motsi, yana iya sambatu, bai san inda yake ba, daga baya kuma sau da yawa ba ya tuna abin da ya yi. Shi ne ya fi kusa da abin da ketamin da midazolam ke haifarwa.

Sai dai magagi bai ce komai a kan zafi ba, kuma a ganinmu wannan alheri ne, don yana tilasta wa mai magana ya faɗi abu na biyu da bakinsa. Alal misali, ma'aikaci zai iya cewa: « Baba, abu biyu za mu yi maka. Za mu kashe zafin, sa'an nan mu yi maka allurar da za ta sa ka magagi na ɗan lokaci. Mai yiwuwa ka ji muryarmu, mai yiwuwa ka yi mafarki. Ka fara tunanin wurin da kake jin daɗin zama, ina nan kusa da kai har ka dawo. » Ma'aikacin da ya furta « za mu kashe zafin » ya ɗaura wa kansa nauyin da mai cewa « za ka yi barci » bai ɗauka ba.

7. Kammalawa

Daga Burney a 1811 zuwa Freiburg a 1906, shaidar majiyyaci ta tashi daga cikakkiya zuwa babu, ta bar ma'aikaci shi kaɗai da abin da ya gani. Shekarun 1985 zuwa 2002 ne suka raba abubuwa uku da aka daɗe ana cakuɗawa, wato rashin motsi, rashin tunawa da rashin jin zafi, kuma an yi wannan rabuwa a cikin kalmomi kamar yadda aka yi ta a cikin magunguna. Hausa ba ta gaji kuskuren « sédation consciente » ba, amma « allurar barci » tana iya kai ta ga irinsa. Shawarar « magagi » da muka kawo ta dogara ga nazarin ma'ana. Mataki na gaba shi ne aikin fili: a naɗi yadda ma'aikata ke yin bayani a sassan gaggawa, da izinin kowa, a kuma tambayi majiyyata da masu jinyarsu abin da suka fahimta kafin allura da abin da suka riƙe bayanta, a kwatanta Maradi da Tahoua da Zinder saboda bambancin karin harshe. Aiki ne da ɗaliban nazarin harshe da na makarantun kiwon lafiya za su iya yi tare.